Yadda ake ma'amul, kayan zaƙin idi na mutanen Sham

Ma'amul ɗan dunƙule ne da ake yi da samolina da man shanu, a cusa masa dabino ko dakakkiyar walnot ko fistashiyo ('ya'yan itatuwa ne masu ɓawo da ake ci kamar gyaɗa), a buga masa zane, a gasa. A Lebanon da Siriya da Falasɗinu da Jodan, Musulmi na yin sa a goman ƙarshe na Ramadan domin Ƙaramar Sallah, wasu su maimaita da Babbar Sallah. Kiristocin waɗannan ƙasashe kuma na yin sa a makon da zai kai su Ista, a ƙarshen dogon azuminsu. Yahudawan da asalinsu Halab ta Siriya ne ko Alƙahira ma suna cin irinsa a idinsu na Furim. Kowane gida da awonsa, kuma kowace uwa za ta ce miki nata ne na asali. Awon da zan ba ki na samolina ne zalla, irin wanda aka fi yi a Lebanon, kuma zai fitar miki da kamar guda 50.

Ki sani tun yanzu cewa aikin kwana biyu ne. Ranar farko minti 20 kawai zai ci miki, amma ba a tsallake ta. Duk kyawun ma'amul ya rataya ne a kan abu biyu: a bar samolina ta sha mai har ta ƙoshi, sannan in an zuba ruwa kada a cuɗa kwaɓin.

Kayan aiki

- Babban kwano mai murfi, wanda hannuwanki biyu za su wala a ciki.
- Sikelin kicin. In babu, kofi mai cin mililita 240 zai yi. Na sa awonsa a ƙasa.
- Ƙaramar tukunya ta narka mai, da kasko na dabino.
- Turmi ko injin niƙa na kicin.
- Tiren gashi biyu ko uku, da obin.
- 'Yar rariya mai laushi ta barbaɗa sukari.
- Ƙalab, wato abin buga zanen. Kamar ludayin katako yake mai mariƙi, an fafe masa rami an sassaƙa zane a ciki. Akwai na roba, akwai kuma mai madanni da ke turo ma'amul ɗin waje. Na katako ya fi fitar da zane mai kaifi, na roba ya fi sauƙi ga mai koyo. In ba ki da ko ɗaya, cokali mai yatsu ko hantsaki mai tsabta zai wadatar, zan yi bayani a mataki na 8.

Kayan kwaɓi

- Samolina mai tsaki-tsaki: giram 500 (kofi 3)
- Samolina mai laushi: giram 250 (kofi 1 da rabi)
- Tataccen man shanu: giram 300 (kofi 1 da sulusi, da ɗan ɗori)
- Niƙaƙƙen sukari: giram 70 (kusan rabin kofi)
- Mahlab niƙaƙƙe: ƙaramin cokali 1
- Mastaki: ƙwaya 3 ko 4
- Busasshen yis: rabin ƙaramin cokali
- Ruwan wardi: mililita 60
- Ruwan furen lemo: mililita 60
- Madara ko ruwa mai ɗumi: mililita 60 zuwa 100
- Gishiri: ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka

Kayan ciki

Na dabino, don guda 30: dabino mai laushi wanda aka cire wa ƙwallo giram 450, man shanu babban cokali 2, kirfa ƙaramin cokali 1.

Na walnot ko fistashiyo, don guda 20: giram 200, sukari giram 60, ruwan furen lemo babban cokali 2, man shanu ƙaramin cokali 1.

Sai ƙarin niƙaƙƙen sukari na barbaɗawa a ƙarshe.

Mahlab ƙwayar cikin ƙwallon wani nau'in ceri ce, ƙamshinta tsakanin na almon da na ceri, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Mastaki kuwa ƙaron wata bishiya ne, mafi shahararsa daga tsibirin Kiyos na ƙasar Girka yake fitowa. Su biyun ne ke ba ma'amul ƙamshin da ɗan Sham zai shaƙa ya ce lallai na gida ne. Amma rashinsu ba ya hana aiki. Kada dai ki ce za ki cike gurbinsu da tulin wani kayan ƙamshi. Ki bar man shanu da ruwan fure su yi magana. In ruwan furen lemo ne babu, ki goga bayan ɓawon lemon zaƙi ɗaya a cikin madara mai ɗumi, ki bari minti 15, ki tace. In samolina iri ɗaya kika samu kuma matsakaiciya ce, ki auna giram 750 ki ci gaba. In mai tsaki sosai ce kaɗai, ki yi giram 600 ki cike da fulawa giram 150, domin tsaki zalla ba ya riƙe juna, ma'amul ɗin zai wargaje a hannu.

Mataki na 1: Shirya man

In tataccen man shanu gare ki, ki narka shi a wuta kaɗan, ki sauke, ki bari ya huce har ki iya tsoma yatsa ba tare da jin zafi ba. Mai mai zafi yana dafa tsakin tun kafin ya sha, ya kuma sa ma'amul ya yi tauri.

In bota ce da ke, sai ki tace ta da kanki. Ki sa giram 400 marar gishiri a tukunya, wuta can ƙasa. Za ta narke, ta yi kumfa, ta yi ta ƙara yayin da ruwan cikinta ke fita. Idan ƙarar ta lafa, man ya yi garau, kika ga wani gari-gari ya kwanta a ƙasa ya fara ja, ki sauke ki tace da ƙyalle mai tsabta. Za ki samu abin da ya kai giram 300 ko ya ɗan haura. Wannan tacewar na da dalili: bota na ɗauke da ruwa kusan kashi 16 cikin 100, kuma ruwan nan shi ne abin da ba a so ya taɓa samolina a daren farko. Majarin kuwa, wato botar da ake yi da man tsirrai, ban ba da shawararsa ba ko kaɗan. Kusan duk ɗanɗanon ɓawon daga man yake zuwa, don haka ki ɗanɗani man kafin ki zuba. In yana da wani wari ko ya tsufa, babu ruwan wardin da zai rufa masa asiri.

Mataki na 2: Murza tsaki da mai

Ki daka mastakin tare da ƙaramin cokali ɗaya na sukari, in ba haka ba zai manne a turmi ya zama danƙo. Ki zuba samolina biyun a kwano, da sukari, mahlab, mastaki da gishiri, ki gauraya. Ki kwarara man a kai.

Yanzu ki sa hannu biyu. Ki ɗebo cikin tafi, ki murza tsakanin tafukanki a hankali, ki saki ya zube, ki sake ɗebowa daga ƙasa. Ba matsewa ake yi ba, ba kuma dunƙulewa ba. Abin da ake so kowace ƙwayar tsaki ta samu rigar mai. Ki yi haka minti 8 zuwa 10, kina kula da gindin kwano da gefe-gefe inda busasshen gari ke ɓuya. Idan ya yi, za ki gan shi kamar jiƙaƙƙen yashi, yana ƙyalli, in kin damƙa ya dunƙule, in kin taɓa ya watse.

A nan masu koyo kan tsorata, su ga kamar man ya yi yawa, su ƙara gari. Kada ki ƙara. Gobe za ki ga inda man ya tafi.

Mataki na 3: A bar shi ya kwana

Ki lallaɓe samansa, ki rufe kwanon, ki ajiye a wuri mai sanyi a cikin ɗaki, ba firji ba. Awa 8 shi ne mafi ƙaranci, awa 12 ya fi, wasu gidajen ma har awa 24 suke bari. In kin tuna, ki buɗe sau ɗaya a tsakani ki sake murzawa na minti biyu.

Samolina tsakin alkama ce mai tauri, ba ta shan mai nan take yadda fulawa ke yi. In aka gasa ta ba ta sha ba, man zai tsiyaye a tire, ma'amul ya fito garas-garas a baki kamar ana tauna ɗanyen tsaki. In ta sha, tana narkewa ne a harshe. Firji na daskarar da man ya hana shi shiga, shi ya sa ba a sa shi ciki. Sai fa in zafin gari ya yi tsanani sosai. Nan ki bar shi awa 8 a waje, sannan ki sa a firji, ki fito da shi awa 2 kafin aiki.

Mataki na 4: Haɗin dabino

Wannan za ki iya yin sa tun daren farko. In dabinon mai laushi ne irin majdul, ko kuma wanda aka riga aka markaɗa aka matse, ki bi shi da yatsu a hankali ki tabbata babu ɓarɓashin ƙwallo ko hular kan nan mai tauri. Ko na kanti ne da aka rubuta an cire ƙwallo, ki bincika. Ƙwallo ɗaya ya isa ya karya haƙorin baƙo.

Ki sa shi a kasko da man shanu, wuta kaɗan, kina dannawa da muciya har ya yi laushi ya haɗe, kamar minti 5. Ki sa kirfa, ki sauke. Idan ya huce ki cuɗa da hannu har ya yi sumul. Dabinon da ya yi daidai yana mulmuluwa ba ya manne wa hannu, kuma in kin danna yana lotsawa ba gardama.

In busasshen dabino ne mai tauri, ki cire ƙwallon, ki turara shi minti 10 zuwa 15 kafin ki daka. Turarawa ta fi jiƙawa, domin dabinon da ya sha ruwa yana tafasa a cikin obin, tururinsa ya fasa ɓawon. In dole sai kin sa ruwa, cokali ɗaya-ɗaya, kuma ki bar shi a wuta har ya tsane.

Kada ki sa sukari a dabino. Kayan ƙamshi kuwa ra'ayi ne: wasu na ƙara kadamon, wasu gyaɗar ƙamshi ko ɗan kanumfari. Mutanen Iraƙi, a nasu na idi da suke kira kileca, kadamon ne kan gaba. Ni dai a ma'amul kirfa kaɗai nake sawa, don kada ta yi kokawa da mahlab.

Ki shafa mai a hannu, ki mulmula ƙwallaye 30, kowanne giram 15, ki jera a faranti ki rufe.

Mataki na 5: Haɗin walnot ko fistashiyo

Ki daka su sama-sama, su zama ƙanana amma ba gari ba. In da inji ne, ki riƙa kunnawa kina kashewa, domin in ya zarce zai fitar da mai ya zama kwaɓi. Ki zuba sukari, ruwan furen lemo da ɗan man, ki juya. Ya kamata in kin damƙa ya ɗan riƙe. Walnot na son ɗan kirfa, fistashiyo ba ya so, shi ruwan wardi ya fi karɓa. Ki ɗanɗani walnot kafin ki daka, don yana saurin tsufa ya yi ɗaci. In babu su biyun, almon ko kashu da aka ɗan gasa za su yi.

Mataki na 6: Jiƙa kwaɓin

Wannan ne matakin da aka fi ɓatawa, don haka ki natsu.

Washegari za ki tarar samolinar ta daskare, ta yi kamar ta bushe. Ki fasa ta da yatsu, ki murza har ta koma warwas babu gudaji. Ki narka yis a cikin mililita 60 na madara mai ɗumi, ki bari minti 5. Yis ɗin ba don kumburi ba ne, ma'amul ba ya tashi. Yana ɗan sassauta ɓawon ne kawai. In babu, ki bar shi, ko ki sa rabin ƙaramin cokali na bakin foda.

Ki yayyafa ruwan wardi da na furen lemo a ko'ina, sannan madarar. Ki juya da yatsu a buɗe, kina ɗagowa daga ƙasa kina kifawa, har ruwan ya ratsa. Ki tattaro shi wuri ɗaya da tausasawa. Iyakar abin ke nan. Kada ki danna da gindin tafi, kada ki naɗe ki sake dannawa yadda ake wa burodi. Da zarar ruwa ya haɗu da alkama aka cuɗa, danƙonta ke tashi, kuma danƙon nan shi ke mai da ma'amul abin da sai an sa ƙarfi kafin a gutsura.

Ga gwajin da zai gaya miki ko ruwan ya isa: ki gutsuro kaɗan, ki mulmula, ki danna tsakiyarsa da babban yatsa. In gefen ya tsattsage sosai, ki ƙara madara babban cokali ɗaya, ki juya, ki sake gwadawa. In ya lotsa sumul ko da 'yar tsaga kaɗan, ya yi. In yana manne wa yatsa, ruwa ya yi yawa. Ki barbaɗa samolina mai laushi cokali ɗaya ko biyu. Samolina ta bambanta wajen shan ruwa, shi ya sa ban yanke miki adadi ɗaya ba.

Ki rufe, ki bari awa 1. A cikin awar nan tsakin zai shanye ruwan, kwaɓin ya ƙara tauri. Ki maimaita gwajin kafin ki fara, sau da yawa sai an ƙara cokali ɗaya.

Mataki na 7: Rabo da cusawa

Kafin ki raba duka, ki gwada ƙalab ɗinki. Kwaɓi da abin ciki in an haɗa su cika ramin daidai baki, ba tozo ba rami. A ƙalab matsakaici, kwaɓi giram 25 ne da dabino giram 15, ko walnot cikin ƙaramin cokali mai tozo. Idan kin gano awon, ki mulmula sauran duka a kansa, ki rufe da leda ko ɗanyen ƙyalle, kina ɗauka ɗaya-ɗaya. Kwaɓin da aka bari a buɗe yana bushewa cikin minti kaɗan.

Ki ɗora ƙwallo a tafin hagu, ki huda tsakiya da yatsan dama, kina juyawa kina matse gefen har ya zama ɗan ƙoƙo mai kaurin da bai wuce milimita 4 ba. Ki sa abin ciki, ki tattaro bakin a hankali ya rufe, ki mulmula. In ya rage wani tsini a sama, ki cire ki mayar kwano. Ki lura da kauri: wuri ɗaya siriri wuri ɗaya kauri shi ke sa dabino ya leƙo a obin. In kin ga tsaga, ki ɗan jiƙa yatsa da ruwan wardi ki shafe.

Na walnot ya fi wuyar rufewa domin yana zubewa. Ki danna shi cikin ƙoƙon da bayan cokali kafin ki rufe, kuma kada ki cika shi maƙil.

A ƙasashen Sham ba mutum ɗaya ke wannan aiki ba. Mata na gida da maƙwabta kan zauna zagaye da babban tire, wata na mulmulawa, wata na cusawa, wata na buga ƙalab, yara na jerawa. Gobe kuma a koma gidan wata. A da, da yawa ba su da obin a gida, sai a ɗora tirarrukan a ka a kai tanderun unguwa, kowane gida da alamar da zai gane nasa. In za ki samu ko mutum ɗaya ya taya ki, ki samu. Guda 50 ke kaɗai zai ci miki wajen awa 2, kuma na ƙarshen ba sa kai na farkon kyau.

Mataki na 8: Buga zane

Siffar ma'amul ita ke gaya wa mai ci abin da ke ciki ba tare da ya fasa ba. Abin da aka saba: na dabino zagaye ne mai faɗi, na walnot mai tozo ne kamar ƙubba, na fistashiyo dogo ne mai siffar ƙwai. Kiristocin Falasɗinu kan yi na dabino kamar zobe mai rami a tsakiya, suna cewa kambin ƙayar da aka sa wa Yesu ne, mai tozon kuma soson da aka miƙa masa a kan gicciye. Ko ƙalab ɗaya gare ki, ki yi wata alama da za ta raba su, domin akwai masu rashin lafiyar da walnot ko fistashiyo ke tayarwa, kuma abin na iya yin tsanani.

Ki sa ƙwallon a ramin, wajen da kika rufe yana kallon sama. Ki danna da tafi a hankali har ya cika ramin ya yi daidai da baki. Ki kifa ƙalab ɗin, ki buga bakinsa a gefen tebur bugu ɗaya mai kyau, ɗayan hannun na ƙasa yana tarewa. Ki shimfiɗa tawul a inda kike bugawa, saboda ƙara da kuma lafiyar teburin.

In yana maƙalewa, dalili ɗaya ne cikin uku: kwaɓin ya yi ruwa, ko kin danna da ƙarfi, ko ƙalab ɗin sabo ne. Sabon na katako ana shafe shi da mai a bar shi ya kwana kafin a fara amfani da shi. Maganin gaggawa kuwa, ki barbaɗa samolina mai laushi a ramin ki kakkaɓe, ko ki shimfiɗa 'yar leda siririya a ciki kafin ki sa kwaɓin, sai ki ɗago da ledar. Zanen zai ɗan dushe amma ba za ki yi asara ba. Bayan aiki kada ki jiƙa na katako a ruwa. Ki goge da busasshen buroshi.

In babu ƙalab, ki ɗan danne ƙwallon a tafi ya yi faɗi, ki yi masa layuka da cokali mai yatsu, ko ki tsattsunkule samansa da hantsaki, layi-layi daga tsakiya zuwa gefe. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a idon masu abin: a Masar da hantsaki mai haƙora ake yi wa kahk ado, wato nasu na Sallah, kuma a Falasɗinu ma akwai gidajen da suka fi daraja na hannu a kan na ƙalab. Kada dai hantsakin ya huda har ciki. Zanen ma yana da amfani bayan ado, shi ke riƙe sukarin da za a barbaɗa.

Ki jera a tire, tazarar yatsa ɗaya tsakani. Ba sai kin shafa mai a tiren ba.

Mataki na 9: Gashi

Ki kunna obin tun minti 15 kafin ki sa, a digiri 190 na ma'aunin Selsiyos. Obin da bai yi zafi ba yana narkar da man kafin ɓawon ya kama, zanen ya baje.

Ki fara gasa guda 3 kawai. In sun baje, kwaɓin ya yi laushi ko ɗakin ya yi zafi. Ki sa tiren a firji minti 15 kafin gashi. In sun tsage, ko kwaɓin ya bushe, ko abin ciki ya yi ruwa. In sun yi tauri bayan sun huce, an cuɗa ko an daɗe a wuta. Na farkon ba shi da gyara, na biyun ki rage minti. Saboda wannan gwajin ne nake ba mai azumi shawarar ta yi gashinta da dare, lokacin da za ta iya ɗanɗanawa.

Ki sa tiren a ƙasa da tsakiyar obin kaɗan, minti 12 zuwa 15. Kada ki jira saman ya yi ja. Ma'amul da ya gasu samansa fari ne mai ɗan ruwan ƙwai, gindinsa da gefen ƙasa ne ke yin ruwan zuma. Ki ɗaga ɗaya da wuƙa ki leƙa. Wanda ya yi ja har sama ya riga ya bushe. Na dabino ne kaɗai wasu ke so ya ɗan yi launi, tunda ba a cika rufe shi da sukari ba. In haka kike so, ki kunna wutar sama minti 1 ko 2 kina tsaye a wurin. In obin ɗinki na cin gefe ɗaya, ki juya tiren a minti na 8.

In babu obin, babbar tukunya mai kauri da murfi mai kamawa za ta yi. Ki zuba gishiri ko tsabtataccen yashi kaurin yatsu biyu a gindinta, ki ɗora wani ƙarfe ko ƙananan gwangwanaye, ki rufe ta yi zafi minti 15, sannan ki ɗora farantin ma'amul a kai. Wuta matsakaiciya, minti 20 zuwa 25, kuma kada ki yawaita buɗewa.

Mataki na 10: Hucewa da sukari da ajiya

Idan kin fito da tire, ki janye hannunki. Ma'amul mai zafi laushi gare shi, taɓawa ɗaya zai marmashe. Ki bar shi a kan tiren minti 20, sannan ki kwashe zuwa wani wuri ya ƙarasa hucewa sarai.

Sai ya huce za ki barbaɗa sukari ta rariya, a kan na walnot da na fistashiyo. In da sauran ɗumi, sukarin zai narke ya zama danƙo. Wanda za ki ajiye kuwa kada ki barbaɗa masa sai ranar da za a ci.

Ki jera a mazubi mai rufuwa ruf, takarda tsakanin kowane hawa, na dabino daban na walnot da fistashiyo daban. A wuri mai sanyi marar danshi, na dabino na kai mako 2 zuwa 3. Na walnot ki cinye shi cikin kwana 10. A firiza suna wata 2 ba abin da ya same su. Ranar gashi ba ita ce ranar daɗinsa ba, sai ya kwana ɗaya ko biyu ƙamshin ya zauna, don haka ki lissafa kwanakinki: murza mai kwana 4 kafin idi, gashi kwana 3 kafin idi. Ana miƙa shi ga baƙi da gahawa marar sukari, ko shayi, domin ɗacin ya tare zaƙin. A Halab akwai wani nau'insa da ake kira karabij, wanda ake ci da wani farin kirim mai suna naɗif, amma wannan aikin wata rana ne.

In lokaci ya ƙure

Akwai hanyar da 'yan Lebanon ke bi, ma'amul mad, wato shimfiɗaɗɗe. Kwaɓin ɗaya ne, har da kwanan da yake yi. Ki raba shi biyu. Ki shafa mai a tire mai ɗan zurfi, kamar santimita 25 da 35, ki danna rabi a ciki ya yi bai ɗaya. Ki murza dabino giram 600 tsakanin leda biyu daidai girman tiren, ki ɗora. Ragowar kwaɓin ma ki murza shi tsakanin leda, ki kifa a kai, ki lallaɓe da tafi, ki toshe duk inda ya tsage. Ki tsaga shi murabba'i-murabba'i da wuƙa tun yana ɗanye, domin in ya gasu ba ya yankuwa da kyau. Ki gasa a digiri 180, minti 30 zuwa 35, har gefen ya yi ja. Ki bari ya huce gaba ɗaya a cikin tiren, sannan ki sake bin layukan da wuƙa ki ɗago da su ɗaya-ɗaya.